Sifesan da ake ɗaga mota da shi, wai me za mu kira shi da Hausa?

Mai tambaya:
Salamu alaikum jama'a, makanikai da malaman Hausa ku matso kusa. Ina ɗan rubutu ne kan yadda ake ɗaga mota ko a sauke ta ba tare da aljihu ya ji jiki ba, sai kalma biyu suka tsaya min a wuya. Ta farko filin da ke tsakanin ƙarƙashin mota da ƙasa, wanda 'yan boko ke ce wa kiliyarans, in na rubuta tsayin mota wani zai ɗauka daga bamba zuwa bamba nake nufi wani kuma daga taya zuwa rufi. Ta biyu zoben nan na roba ko alminiyam da ake ɗorawa saman shokazoba bodi ya tashi, wanda a gareji ake ce wa sifesa.

Wani bakanike daga Kaduna:
Wa alaikumus salam oga. Mu dai a Panteka sifesa muke cewa kuma kowa na ganewa, ai shokazoba da sifirin da salansa ma ba kakanninmu suka raɗa su ba. Aikin kam muna yinsa kullum, don waɗannan Beljiyam ɗin irin su Accord da Camry don titi mai sumul aka ƙera su, ba kamar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a nan Kaduna ba wadda ke shiga ƙauye ta fito lafiya, su kuwa Beljiyam ɗin damina ɗaya za ta wuce ka ji salansa na gurzar ƙasa a kowane tudun rage gudu. Sifesa mai kaurin inci 1 ko 2 ya isa. In ka zarce haka shaf, ƙarfen da ke juya taya, zai karkace robarsa ta yage, ka fara jin ƙas ƙas in ka sha kwana. Kuma dole a je a yi alaimen, wato saita tayoyi, bayan an sa, in ba haka ba taya za ta cinye gefe ɗaya.

Wani malamin Hausa:
Malam bakanike ba wanda ya ce aro laifi ne, amma kai ka san sifesa biyu ne a wajenku, akwai wanda ake sawa bayan rim don taya ta fito waje, shi ba ruwansa da ɗaga mota. To mai karatu ya zai bambance? Ni shawarata a ce gammo. Zobe ne, yana zama tsakanin mai ɗauka da kayan da aka ɗauka, shokazoba na ƙasa bodi na sama shi yana tsakiya. Gammon shok ke nan. Kiliyarans kuma ratar ƙasa, mota mai rata da mota marar rata.

Wani direban haya:
Allah gafarta malam gammo fa laushi gare shi, wannan kuwa na alminiyam in ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi ɗingishi. Me zai hana a ce dunduniya? Ni ma ban sa shi ba, taya na canza daga 195/65 zuwa 195/70 a rim 15, ta ƙara min kamar santimita 1, sai dai agogon gudu yana nuna ƙasa da gudun da nake yi da kamar kashi 3 cikin 100.

Malamin Hausa:
Direba dunduniya ƙasa take takawa, ita ta fi dacewa da tayar taka ma. Gammo ba don laushi aka zaɓe shi ba, don siffa da mazauni ne.

Bakanike:
Toh na ji, gammon bai min daɗi da farko ba amma na faɗa wa yaran shago sun gane nan take, har dariya suka yi. Saura saukewa. Samarin da ke son mota ta kwanta yanke sifirin suke sawa a yi musu da giranda, shi ne mafi arha kuma shi ne mafi muni, sifirin ya ƙara tauri mota ta riƙa tsalle, wani lokacin in taya ta faɗa rami ya fice daga mazauninsa. Masu gasa shi da wutar walda kuwa sun kashe ƙarfen gaba ɗaya. Mai tsohuwar Hiace shi ya huta, sandar toshan ce a gaba, wato sandar ƙarfe mai murɗewa a madadin sifirin, noti kawai za a juya ta tashi ko ta sauka kaɗan.

Mai tambaya:
Madalla, na gode muku. Na ɗauki gammon shok da ratar ƙasa. Ɗaga mota kuma zan bar wa jak, zan riƙa rubuta ƙara wa mota rata da rage mata rata. Sandar toshan ɗin nan fa malam, sandar murɗi ta yi ko kana da wata?