Tambaya: ta ina ake fara binciken tafiya irin ta NEPU?

Ɗan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Ina rubuta furojet a kan NEPU, jam'iyyar talakawa ta Arewacin Najeriya a zamanin Turawa da Jamhuriya ta Farko, malamina ya ce kar in kawo masa tarihin Malam Aminu Kano kawai, so yake ya ga yadda masana zamantakewa ke nazarin irin wannan tafiya. Abin ya ɗaure min kai wallahi, a taimaka.

Baban_Ilham:
Wa'alaikassalam. Ƙanena fara da tambayar me ya sa sai 1950 aka kafa ta. Haraji da aikin tilas ai talaka ya daɗe yana shan su, kenan wahala ita kaɗai ba ta haifar da jam'iyya. Duba abin da ya canza, jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa sun tara jama'a a Kano, ga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 mutum ɗaya ya karanta a zaure goma su saurara, sannan tsarin mulkin Gwamna Macpherson ya buɗe ƙofar zaɓe a 1951. Daga nan ka bi su waye suka shiga, za ka tarar da teloli da mahauta da ƙananan 'yan kasuwa da malaman allo, mutanen da abincinsu ba a hannun En'e (hukumar sarakuna) yake ba balle a kore su daga aiki. Nan naman yake.

Maman_Sadiq:
Gaskiya ne yaya, amma ka ja masa kunne kan takardun akayib na Kaduna. Yawanci Di'o da ma'aikatan En'e ne suka rubuta, su kuwa 'yan tada zaune tsaye suka ɗauki 'yan NEPU. Ɗan_Fagge, ka haɗa da waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin, ka leƙa Mambayya, gidan Malam Aminu da ya zama cibiyar bincike, kuma don Allah kar ka tsallake mata, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba amma sai ka ga layi biyu aka ba ta.

Bamaraɗe:
Mu nan Nijar da aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959 tsoro ya sa mutane sun yi gum shekara da shekaru. Van Walraven, masanin da ya rubuta tarihin Sawaba, sai da ya bi tsofaffin 'yan jam'iyyar gari gari yana hira da su. Ka gaggauta naka hirarrakin, dattawan ƙarewa suke.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai. Akwai wani tsohon tela a layinmu da ya yi NEPU, gobe in sha Allah da shi zan fara.