Abin da masana suka tattauna kan sinadaran abinci da girki

Tattaunawar ta fi tsayawa kan bitamin, domin nan ne girki ke yin ɓarna. Bitamin C da dangin B suna narkewa a ruwa, zafi kuma yana lalata C. Idan aka dafa ganye cikin ruwa mai yawa aka zubar da ruwan, an zubar da su tare. Shawarar ita ce a wanke ganye kafin a yanka, a turara shi na 'yan mintuna. Zuba sodar girki don ganye ya yi kore shar ma asara ce, tana karya bitamin B1 da C.

A, D, E da K kuwa a mai suke narkewa. Karas, da jiki ke samun A daga gare shi, in ba ɗigon mai, kaɗan hanji zai tsotsa. Amma hanta tana ajiye A, shi ya sa yawan shan ƙwayarsa ke zama guba.

Batun sinadarin ƙarfe na cikin abinci ya ja dogon bayani. Na nama ya fi saurin shiga jiki. Na wake da ganye sai an taimaka masa: bitamin C yana mayar da shi siffar da hanji ke karɓa, sinadarin tanin na shayi kuma yana ɗaure shi. A ci da lemon zaƙi ko na tsami, a jinkirta shayi kamar awa ɗaya.

Giram ɗaya na sitaci ko furotin yana ba da kalori 4, na mai 9. Baligi yana buƙatar furotin kusan giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa a kullum. Hatsi yana da ƙarancin laisin, ɗaya daga sinadaran da ke haɗa furotin, wake yana cike giɓin, ba lallai a kwano ɗaya ba, a yini ɗaya ma ya isa.