Tsintar ƙahon da barewa ta zubar: wa ya taɓa yi?

Ɗalibi daga Fort Collins, jihar Kolorado ta Amurka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar ɗin nan ta farkon Mayu wani abokin karatuna Bature ya ja ni daji wai mu je tsintar ƙaho. Awa shida muna hawa da sauka, shi ya samu uku, ni ko tsinke. Abin haushin ma, ɗaya da ƙafata na tsallake shi, ya zo bayana ya ɗauka yana dariya. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ni fa ban gane ba. Mahaifina mafarauci ne, na tashi ina ganin ƙahon barewa da na gwanki a rataye, ban taɓa jin ƙaho ya faɗi da kansa ba. Ko dai mushe kuke tsinta?

Dattijo daga Denver:
Ɗan Zazzau, gaskiyarka a kan barewarmu ta gida. Ƙahonta irin na saniya da rago ne, kube ne a kan ƙashi, da shi take mutuwa. Na nan wani iri ne daban. Nasu ƙashi ne zalla mai rassa, ba rami a ciki, wanzami ba zai more shi ba. Namiji ke fitar da shi, kuma idan lokacin barbara ya wuce sinadarin mazantaka ya ragu a jikinsa, sai gindin ƙahon ya yi rauni ya ɓalle, sabo ya fara tsirowa. Ƙananan barewa suna zubarwa daga Janairu zuwa Maris. Babbar da suke kira elk, wadda ta kai gwanki ko ta fi, sai Maris zuwa Afrilu.

Kai kuma ɗana, ciwonka na sani, don shekarata ta farko haka na yi. Kana neman ƙaho ne sukutum kamar na hoto. Ba haka yake kwanciya ba. Rabinsa na cikin ciyawa ko ƙarƙashin ganye, abin da za ka gani bai wuce tsinin reshe ɗaya ba, ko wani ɗan lanƙwasa mai santsi da bai yi kama da itace ba. Shi za ka koya wa idonka. Ni abin da na yi, na ari tsohon ƙaho, ina jefa shi cikin ciyawa ba tare da na kalla ba, sannan in juya in neme shi. Yara suka yi ta min dariya, amma ya yi aiki.

Sannan ka bar yawo barkatai. Nemi inda suka yi hunturu, ba inda ka gan su da rani ba. Gangaren tsauni mai fuskantar kudu shi ne farko, don nan rana ke duka, dusar ƙanƙara ta riga narkewa, su kwanta su sha hantsi. Idan ka ga kashi da yawa da ciyawa a danne, makwanci ne, ka rage sauri. Ranar da gari ya yi lumshi ta fi ranar da rana ta take, don haske da inuwa suna rikita ido.

Wata baiwar Allah daga Minesota:
Baba ya gama magana. Mu nan gonaki ne, ba tsaunuka. Ni da maigidana muna bin shingen waya da bakin rafi, duk inda barewa za ta yi tsalle, saboda girgizar dirowa ita ke kaɓe wanda ya riga ya yi laushi. Gefen gonar masara da aka girbe ma akwai samu. Manomi ɗaya har godiya ya yi mana, ya ce ƙahon na fasa masa tayar tarakta. Amma fa sai da sallama, a nan shiga gonar mutum ba izini ba ƙaramar magana ba ce.

Idan ka samu ɗaya kada ka yi gaba, kewaya wurin, sau da yawa ɗan'uwansa na kusa. Kuma kada a makara. Na taɓa samun wani mai kyau a Yuni, ɓera da kurege sun gaigaye rabinsa. Ku duba jikinku da yamma saboda kaska.

Direban babbar mota daga Wyoming:
Ni ta wajen doka zan yi magana, don na kusa ƙonewa. Na tsinci ƙahon elk a wani gandun daji na ƙasa, na saɓo shi ina murna, jami'i ya tare ni a wajen ajiye motoci. Allah ya rufa asiri ya tsaya a gargaɗi, ya sa na mayar. A gandun daji na ƙasa irin su Yellowstone ko Rocky Mountain ɗauka laifi ne, ko a bakin hanya ka gan shi. Kolorado ta hana tsinta a filayen gwamnati na yamma da babbar hanyar I-25 daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Afrilu, yammacin Wyoming ma haka. Dalilin kuwa, a ƙarshen hunturu dabbobin sun rame, kora ɗaya na iya kashe su. Idan ka ga ƙaho haɗe da ƙoƙon kai, wannan mushe ne, ka kira jami'i kafin ka taɓa.

Mai son ganin ƙaho tuli ya zo garin Jackson na jihar Wyoming a watan Mayu. 'Yan sikawut na tattaro na gandun elk da ke gefen garin, wanda aka kafa a 1912, a yi gwanjonsu a dandali. Kusurwoyin dandalin huɗu ma da ƙaho aka gina ƙofofinsu. Sabo mai ruwan ƙasa ya fi tsada, wanda rana ta farar da shi ya tsattsage kuwa ba a ba shi daraja.

Daga Zariya:
Ikon Allah. Na karanta wa Baba, ya ce sai ya riƙe da hannunsa. Mai zuwa gida ya tuna da mu.

Ɗalibi daga Fort Collins:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na Denver, na karɓo ɗaya a wajen abokin nawa, tun jiya nake jefa shi a bayan gidanmu. Sau biyu maƙwabciyata na leƙowa ta taga. Asabar za mu koma, gangaren kudu zan fara bi.