Wace kalma za mu ba abin da ya sami Lauren James? Kora, sallama ko jan kati?

Salamu alaikum masu bin ƙwallo da masu kishin harshe. Akwai abin da ya hana ni sakat tun jiya, na ce bari in kawo shi nan mu raɗa masa suna tare. Ina haɗa jerin 'yan wasa mata da alkalan wasa suka fitar daga fili a manyan gasannin ƙasashe, sai na maƙale tun a kanun. Turawa suna cewa sent off, kalma biyu, kowa ya gane. Da na rubuta "'yan wasan da aka kora", ƙanwata da ke leƙen wayata ta ce, "Yaya, wai Ingila ta kori Lauren James? Ba na ga ta buga wasan ƙarshe ba?" Ita a fahimtarta an raba yarinyar da ƙungiya ne gaba ɗaya. Kuma ba ta yi laifi ba, haka kalmar ta nuna mata.

Ga abin da ya faru, don mu san me muke nema wa suna. Ranar 7 ga Agusta 2023, a Brisbane, Najeriya da Ingila a zagayen 'yan 16 na gasar kofin duniya. Minti na 87, Michelle Alozie tana kwance a ƙasa, Lauren James ta taka mata gadon baya tana wucewa. Alkaliyar wasa Melissa Borjas 'yar Honduras ta ɗaga katin gargaɗi, aka kira ta ta duba na'urar VAR mai maimaita bidiyo, ta dawo ta soke shi ta ɗaga ja. Yarinya ta kama hanyar ɗakin sauya kaya. Ingila ta ƙarasa da mutum goma, aka tashi babu ci, ta ci 4-2 a bugun fenariti. Daga baya FIFA ta hana James wasa biyu, na Kolombiya da na Ostireliya, ta dawo a wasan ƙarshe da Sifaniya.

Ku lura abu uku ne a nan: katin da aka ɗaga, fitar da aka yi mata a ranar, da hukuncin da ya biyo baya. Mu kuwa duka ukun muna cusa su cikin buhu ɗaya, yau mu ce kora, gobe mu ce jan kati, jibi dakatarwa.

Na ga amsoshi sun fara shigowa, kuma mafi yawa cewa suke yi, "Malam, ai jan kati ya wadatar, me ya kawo wahala?" Jan kati kalma ce mai kyau, ta zauna daram, har 'yan siyasa sun are ta suna yi wa juna barazana da ita lokacin zaɓe. Ba zan taɓa ta ba. Amma sunan takardar ne, kuma hukuncin ya girmi takardar. A gasar kofin duniya ta maza ta 1966, alkalin wasa Bajamushe Rudolf Kreitlein ya fitar da kyaftin ɗin Ajantina Antonio Rattín a wasansu da Ingila, babu kati ko ɗaya a duniyar ƙwallo a lokacin. Da baki ya sallame shi, ba sa jin yaren juna, aka daɗe ana cacar baki kafin mutumin ya fita. Wannan rikici ne ya sa Ken Aston na Ingila ya kawo shawarar kati mai launin fitilar hanya, aka fara aiki da shi a gasar 1970 a Meziko. To in kana ba da labarin Rattín, ka ce an ba shi jan kati, ka yi ƙarya ba ka sani ba.

Wani malami ya rubuto cewa a ce "sallama". Allah ya ƙara ilmi Malam, amma ban yarda ba, da dukkan girmamawa. Sallama tana da ladabi fiye da kima. Likita yana sallamar mara lafiya da ya warke, maigida yana sallamar baƙo har da 'yar tsaraba. Ka tuna Marta ta Brazil a gasar Olamfik ta 2024 a Faransa, ta ɗaga ƙafa har kan Olga Carmona ta Sifaniya ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, ta bar fili tana sharɓar kuka. Wannan ba sallamammiya ba ce. Ga kuma wata matsalar: in aka ce ƙungiya ta sallami koci, kowa ya san aikinsa ne ya ƙare, mun koma gidan jiya ke nan.

"Fitarwa" fa? Ita ma an kawo ta. Koci yana fitar da 'yar wasa ya sa wata, masu ba da agaji suna fitar da wadda ta ji rauni a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ƙasa tana fitar da ƙasa daga gasa. Ta yi yawa.

Wanda ya ce a sa "tisa ƙeya" ya ba ni dariya, na gode. Hoton ya fito sarai, sai dai wannan aikin 'yan sanda ne da jami'an shige da fice. A bakin mai sharhi a gidan kallo za ta yi armashi, a kanun labari kuwa sai a ɗauka kurkuku aka kai ta.

Yanzu ga inda maganar mata ta ƙara wa abin nauyi, kuma wata 'yar uwa ce ta ankarar da ni a saƙonta, ni ban kawo ba. Ta ce, "Ɗan uwa, ka gwada kiran mace korarriya ka ji yadda take sauka a kunne." Gaskiyarta. Korarre a bakin Bahaushe ba yabo ba ne, amma korarriya ta fi ciwo, don hankali nan da nan gidan miji yake tafiya, a ga mace da ƙullin kaya a ka. Jerin da zai ce "korarrun mata" ya zagi mutane ne kawai. Halimatu Ayinde da Rasheedat Ajibade, da aka fitar su biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na mata da Maroko a Rabat a 2022, har Najeriya ta yi ƙarin lokaci da mutum tara, aka tashi 1-1, ta faɗi 5-4 a fenariti, babu wanda zai so a liƙa musu wannan suna. Don haka duk abin da za mu tsayar, ya zama sunan hukuncin, kada ya zama laƙabin mutum.

Shawarata: korar fili.

Kora ce dai, ba mu gudu daga kalmar da kowa ke faɗa ba, amma mun ɗaure ta da fili, ba za ta tsallaka ta shiga ƙungiya ko gidan aure ba. Tana tafiya da "sha" yadda muke cewa ya sha duka, ya sha kaye: Marta ta sha korar fili. In kana son alkaliya a gaba, ka ce ta yi mata korar fili. Jerin nawa kuma ya zama "'yan wasan da suka sha korar fili". Na karanta wa ƙanwar tawa, ba ta sake tambaya ba.

Tana kuma rabuwa biyu ba tare da an matsa mata ba. Akwai korar fili ta kai tsaye, wadda ake yi kan muguwar ƙeta, ko duka, ko tofa yawu, ko zagi, ko hana ƙwallon da ke shirin shiga raga ta haramtacciyar hanya. Irinta ce ta sami Kathrin Hendrich ta Jamus a gasar Turai ta 2025, da ta ja gashin Griedge Mbock ta Faransa tun a minti na 13, kuma Jamus ta daure da mutum goma har ta yi nasara a fenariti. Irinta ce ta Deborah Abiodun a wasan Najeriya da Kanada a Melbourne a 2023, ana dab da tashi, ita ma gargaɗi aka fara ba ta kafin VAR ta mai da shi ja. Sai korar fili ta gargaɗi biyu, kamar ta Ngozi Ebere a wasan Najeriya da Faransa a 2019, ƙetar da ta jawo fenaritin nan na Wendie Renard ta Faransa da aka maimaita. Alkaliyar ranar ma Melissa Borjas ce, masu riƙo sai su lura cewa ta yi mana ta kuma yi wa wasu.

Hukuncin bayan wasa ya riƙe sunansa na dakatarwa, a faɗi adadi: Abiodun wasa uku, James wasa biyu, Marta wasa biyu. Nan ne ma amfanin rabewar ya fi fitowa. Ayinde da Ajibade sun sha korar fili a Rabat a Yulin 2022, dakatarwar kuma ta bi su har gasar kofin duniya a Ostireliya bayan shekara guda, ba su buga wasan Kanada ba. Gwada faɗin wannan jimlar da kalma ɗaya tak ka ga yadda mai sauraro zai rikice.

Wani ya yi ƙorafi cewa koci ma ana ɗaga masa ja alhali ba a cikin fili yake ba. Haka ne, amma fili a bakinmu ya haɗa har benci da bakin layi, mai zuwa kallo ma cewa yake ya tafi fili. Ban ga abin da zai hana koci shan korar fili ba.

Abin da ban warware ba shi ne ɗaya katin. Wasu na cewa katin gargaɗi, wasu ruwan ɗorawa, yaran unguwarmu kuwa yalo kawai suke cewa, kamar suna sayen gauta. Ni na fi karkata ga gargaɗi tunda da ita na gina "ta gargaɗi biyu", amma 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku faɗa mana yadda masu sharhi a rediyonku suke kiransa kafin in rufe jerin.