Fatar ɗana tana ɓamɓarewa tun haihuwa, ku ba ni shawara

Maman Sadik, Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana watansa takwas. An haife shi jikinsa na sheƙi kamar an naɗe shi da leda, da wannan fatar ta saɓe sai ya koma ɓawo-ɓawo irin na kifi. Likita ya ce iktiyosis ne, ciwon gado. Ga hunturu ya kama, gaɓoɓinsa har tsagewa suke yi. Me kuke shafa wa naku?

Umman Zainab, Tudun Wada: Sannu ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. 'Yata shekararta 9 da shi. Ba ya warkewa gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar minti ashirin, ki murza a hankali da tsumma mai laushi, ban da soso. Kafin jikin ya bushe ki lafta masa Vaseline ko man kaɗanya. Wannan damshin shi ake so man ya rufe. Ni da hunturu sau huɗu nake shafawa a yini, har zanen gadonmu ya yi maiƙo, ban damu ba.

Anti Nas, Malali: Don Allah kar ki yarda a sayar miki da man shafawa mai ɗauke da sinadarin salisilik asid. Fatar jariri tana tsotse shi ya shiga jini. Man shafawa mai sinadarin yuriya yana narkar da ɓawon sosai, amma sai yaron ya haura shekara ɗaya, kuma likitan fata ya rubuta. Ki nemi takardar turawa zuwa asibitin Barau Dikko a Kaduna ko na Shika a Zariya. Ki lura da idonsa: in fatar ido ta fara juyewa waje, sai Asibitin Ido na Ƙasa.

Baban Haidar, Kawo: Ƙarin bayani, Hajiya. Gumi ba ya fita musu sosai, don haka da bazara a kiyaye rana, a riƙa yayyafa masa ruwa. Ƙanina ya sha ƙwayar asitiretin, ya ji sauƙi, amma ana gwada hanta, kuma mai ciki ba ta sha.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai. Surukata ta hana 'yan uwansa ɗaukarsa, wai za su kwasa.

Anti Nas: Ba a ɗaukar ciwon ko kaɗan. A irin nasa, uwa da uba ne kowa ya ba da ƙwayar gadon, shi ya sa ya fi yawa a auren zumunci. Ki tafi da ita asibiti ta ji da kunnenta.

Maman Sadik: Ranar Litinin in sha Allahu tare za mu je.