Jarabawar AWS Cloud Practitioner, me ake tambaya kuma ta ina zan fara?

Zee_Akanta:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa zana jarabawar nan ku taimaka min. Ni akanta na karanta ban iya kodin ba ko kaɗan, amma wurin aikinmu sun kwashe komai sun mayar AWS (kilawud ɗin kamfanin Amazon, wato hayar kwamfuta da wurin ajiyar bayanai ta intanet), oga yace duk wanda ya kawo satifiket za a duba shi. Na leƙa shafinsu naga sabis sama da 200 wallahi kaina ya ɗau zafi. Duk sai na haddace su ne? Sannan wani yace zai sayar min da ainihin tambayoyin da ake fitarwa, in saya?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, babu kodin a ciki ko layi ɗaya. Wadda ake yi yanzu lambarta CLF-C02 ce, tambaya 65 cikin minti 90, kuɗinta dala 100, kuma maki 700 cikin 1000 ake nema. Guda 15 daga ciki ba a lissafa su a maki amma ba za ki gane su ba, don haka ki amsa duka, ba a rage maki in kin yi kuskure.

Kashi huɗu ce. Sabis-sabis da fasahar kashi 34 cikin ɗari, tsaro 30, fahimtar shi kansa kilawud ɗin 24, kuɗi da farashi 12. Abinda suke so shine in an kawo miki matsala ki san wane sabis ne maganinta, misali ajiyar fayil S3, hayar saba (kwamfutar da ake ɗora manhaja a kanta tana aiki ta intanet) EC2, waye ya goge abu kaza a asusu CloudTrail, lura da lafiyar saba CloudWatch, waɗannan biyun na ƙarshe suna rikita mutane sosai saboda sunan. Ɓangaren tsaro nan zaki zauna da kyau, musamman rabon alhaki tsakaninki da AWS, kamar gidan haya ne, gini da katanga da maigadi na mai gida ne amma kulle ɗakinki da wanda kika ba makulli naki ne, makullin nan shine IAM, sabis ɗin ba mutane izinin shiga. Ɓangaren kuɗi kuwa ke akanta ce, zai zo miki da sauƙi.

Sadiya_IT:
Yar uwa kar ki sayi tambayoyin nan, ya saɓa wa dokarsu, in aka gano ana iya soke sakamakon. Ni na taɓa karɓar irinsu wajen wani, amsoshi da yawa ba daidai bane, ɓata min lokaci kawai suka yi. Ki shiga AWS Skill Builder, shafinsu na koyarwa, akwai kwas ɗin Cloud Practitioner Essentials kyauta da tambayoyin gwaji nasu na kansu. Ki sauke jagoran jarabawar ma, a ƙarshensa sun jera sabis ɗin da ke ciki da waɗanda basa ciki. Ki buɗe asusun AWS ki taɓa abubuwan da hannunki, amma fara saka AWS Budgets ya riƙa miki gargaɗi kan kuɗin da kike kashewa, in kika manta saba a kunne kuɗi na tafiya.

Zee_Akanta:
Allah ya saka da alheri. A gida zan yi ko santa? Kuma Turancin tambayoyin nake tsoro, ina karatu a hankali.

Baban_Khalifa:
Duka biyun ta Pearson VUE ne, kamfanin da ke gudanar da jarabawar. In zaki iya zuwa santa ki je, na gida sai kamara a kunne, ɗaki ke kaɗai, tebur babu komai, yaro ya banko ƙofa ko netwok ya tsinke ki shiga uku. Batun Turanci, wanda ba harshen uwarsa bane ana ƙara masa minti 30, amma sai kin nema a asusunki na jarabawa KAFIN ki zaɓi rana. Sunan da kika yi rajista dashi ya zama daidai da na katin shaidarki. In ba a dace ba kwana 14 ake jira a sake biya, in an dace satifiket ɗin shekara 3 yake yi kuma suna rage rabin kuɗin jarabawa ta gaba.