Hendrix ko Van Halen: Shawarwarin da Muhawarar Ta Haifar

Gardama ta yi zafi kan wa ya fi iya jita tsakanin marigayi Jimi Hendrix da marigayi Eddie Van Halen, shahararrun makaɗan salon kiɗan rock na Amurka, amma shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a daina haɗa gwaninta da tasiri wuri guda. Saurin yatsa na Van Halen ne, wanda ya yaɗa salon danna tsirkiya da hannu biyu tun 1978. Tasiri kuwa, nan Hendrix ya yi zarra. Bahago ne, ya kifar da jitar masu amfani da hannun dama ya sake ɗaura mata tsirkiyoyi, ya mayar da ƙarar amsa-kuwwar lasifika kiɗa. Faifai 3 kacal ya fitar daga situdiyo kafin ya rasu a Landan a 1970, yana ɗan shekara 27.

An kuma ba da shawarar a saurari wasannin da suka yi a gaban jama'a, musamman na Hendrix a bikin kiɗa na Woodstock da aka yi a Amurka a 1969, domin situdiyo na rufa asirin kuskure. Ni ma nan na tsaya. Wasu suka ƙara da cewa a duba kayan aikin zamanin kowannensu kafin a yanke hukunci.